Abuja Kafin Abuja: Ƙaramar Masarauta Mai Dogon Asali

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Eriya Wan da ke Garki da yamma, lokacin tashin ma'aikata, ya ji yaran mota suna ta kwala kira: Zuba, Madalla, Suleja! Dubban mutane ne ke kwana a waɗannan garuruwa su wayi gari a birnin tarayya domin neman abinci, saboda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu. A idon yawancinsu, Suleja wurin kwana ne kawai. Kaɗan ne suka san cewa garin da suke komawa da daddare shi ne ainihin Abuja, kuma sarkin da ke zaune a cikinsa Sarkin Zazzau ake ce masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata gardama da muka yi a aji, inda wani abokin karatuna ya ce Abuja gari ne marar tarihi, wai a takarda aka zana shi kafin a gina. Maganar ta sosa mini rai, domin ni haifaffen ƙauyen Garki ne, Gbagyi ne iyayena, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Kakana har ya bar duniya idan ya ce zai tafi Abuja, to Suleja yake nufi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana su wane ne sarakunan tsohuwar Abuja, daga ina suka fito, da kuma irin dangantakar da ke tsakaninsu da manyan gidajen sarauta na ƙasar Hausa. Domin mai karatu ya fi fahimtar yadda ƙaramar ƙasa kan riƙe babban gida, zan fara da wani misali daga ƙasar Jamus, wanda kuma za mu ga cewa yana da alaƙa da labarinmu fiye da yadda ake zato.

Wata 'Yar Masarauta a Jamus

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus cike take da ƙananan masarautu, kowace da mai mulkinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Saxe-Coburg da Gotha, wadda aka kafa a shekarar 1826. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, kuma a shekarar 1910 mutanenta ba su wuce dubu ɗari biyu da sittin ba. Masu mulkinta ba su kai matsayin cikakken sarki ba a tsarin Turawa, darajarsu tana ƙasa da ta sarakunan Prussia ko Bavaria. Mutum huɗu ne kacal suka mulke ta: Ernst na Ɗaya daga 1826 zuwa 1844, ɗansa Ernst na Biyu zuwa 1893, sai Alfred zuwa 1900, sannan Carl Eduard zuwa 1918.

To, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan gida ba shi da rundunar a zo a gani, ba shi da dukiya mai yawa, abin da yake da shi kawai shi ne 'ya'ya da iya haɗa aure. Ƙanen Ernst na Ɗaya, wato Leopold, shi aka gayyata ya zama sarkin Beljiyam na farko a 1831. Ƙanwarsa ita ce mahaifiyar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ɗansa Albert kuma shi ya auri Biktoriya a 1840, wato dai auren zumunci ne tsakanin ɗan namiji da 'yar mace, irin waɗanda Bahaushe ke kira taubasai. Wani ɗan ɗan'uwansa mai suna Ferdinand ya auri Sarauniya Maria ta Biyu ta Fotugal a 1836. Har ila yau, wani Ferdinand ɗin daga wannan zuriya ya hau mulkin Bulgeriya a 1887. Ke nan cikin shekara sittin, jinin wannan 'yar masarauta ya shiga gadajen sarauta huɗu na Turai.

Yaya aka yi haka ta yiwu? Dalilai biyu ne. Na farko, a al'adar Turawa ta wancan zamani, sabuwar ƙasa kan nemo yarima daga waje ta naɗa, kuma an fi son ɗan ƙaramin gida, domin manyan ƙasashe ba za su ji tsoronsa ba. Na biyu, mace kan gaji sarauta a wasu ƙasashensu, 'ya'yanta kuwa sunan gidan ubansu suke ɗauka. Mai karatu ya riƙe waɗannan dalilai biyu, za mu dawo kansu. Yanzu mu juyo gida.

Fitar Makau Daga Zariya

Zazzau tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta fi sauran kusa da kudu. Tun kafin jihadi ikonta ya kai har ƙasashen Koro da Gbagyi da ke kewaye da dutsen Zuma, inda wasu ƙananan sarakunan Koro suke kai mata gaisuwa. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso Zazzau, mai riƙe da sarauta shi ne Muhammadu Makau ɗan Sarki Isiyaku Jatau. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta, shi ya jagoranci rundunar da ta ci birnin Zariya. Marubutan tarihin Abuja sun sa wannan al'amari a shekarar 1804, masana na baya kuma suka daidaita shi a ƙarshen 1808. Labarin da gidan ya adana ya nuna cewa an auka wa Makau ne yana masallacin Idi a bayan gari, bai sami damar komawa fada ba.

Makau bai miƙa wuya ba. Ya yi kudu tare da fadawansa da masu sarauta da dama, har ya sauka a Zuba, garin Koro wanda a yau yake cikin yankin birnin tarayya. Daga nan ya ci gaba da yaƙe-yaƙe, yana neman ƙasar da zai kafa ƙafarsa, har aka kashe shi a fagen fama kusa da Lapai a shekarar 1825. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon waɗannan shekaru Makau bai ɗauki kansa a matsayin tsohon sarki ba. A ganinsa da na mutanensa, birni aka ƙwace, sarauta kuwa tana tare da su. Saboda haka tun daga lokacin aka sami Sarkin Zazzau biyu a duniya: ɗaya a Zariya, ɗaya a kudu.

Abu Ja da Kafuwar Gari

Bayan rasuwar Makau sai aka naɗa ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ne ya ga cewa yawon sansani ya isa haka nan. A shekarar 1828 ya kafa sabon gari a gefen kogin Iku, cikin duwatsu da kurmi, wurin da dawakin abokan gaba ba za su sake ba, kuma bayan shekara ɗaya aka fara ginin ganuwa. Garin sai ya ɗauki sunan mai shi, aka riƙa cewa Abuja. To, wannan suna da a yau ake bugawa a jikin fasfo da takardun gwamnati, ake kuma ambata a kafofin watsa labarai na duniya, asalinsa laƙabin wani ɗan sarkin Zazzau ne.

Masarautar da Abu Ja ya kafa ba ta da girma idan aka gwada ta da Kano ko Katsina ko ita kanta Zazzau ta Zariya. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 3,000, wato ta ɗan fi waccan ta Jamus. Bugu da ƙari, a kewaye take da masu biyayya ga Daular Usmaniyya: Zariya daga arewa, Keffi da Nasarawa daga gabas da kudu, Lapai da Agaie da Bida daga yamma. Duk da haka ba a taɓa cin ta da yaƙi ba har zuwan Turawa.

Jerin Sarakuna da Gidaje Biyu

Abu Ja ya yi mulki har 1851. Ɗan'uwansa Abu Kwaka, wanda ake wa laƙabi da Dogon Sarki, ya gaje shi ya riƙe har 1877. A zamaninsa ne aka buɗe hanyar fatauci tsakanin Abuja da Zariya da kuma Bida, abin da ke nuna cewa gaba ba ta hana ciniki. Daga waɗannan 'yan'uwa biyu ne gidajen sarautar garin suka samo asali, wato gidan Abu Ja da gidan Abu Kwaka, kuma aka daɗe ana karɓa-karɓa a tsakaninsu.

Ibrahim Iyalai ɗan Abu Ja ya hau a 1877. Mayaƙi ne ƙwarai, kuma a lokacinsa ne, wajen shekarar 1893, Sarkin Zazzau Yero ya kawo wa Abuja yaƙi daga Zariya amma ya koma bai ci garin ba. Mulkin Ibrahim ya ƙare a 1902, shekarar da sojojin Turawa suka shiga garin bisa dalilin cewa mutanen Abuja suna tare hanyar fatake tsakanin Lakwaja da Zariya. Daga nan sai Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka, daga 1902 zuwa 1917. Sai Musa Angulu ɗan Ibrahim, daga 1917 zuwa 1944, wanda a zamaninsa aka fara haƙar kuza a ƙasar. Sai Sulaimanu Barau ɗan Muhammadu Gani, daga 1944 zuwa 1979. Shi tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gado, ana yawan ambatonsa a matsayin sarki na farko a Arewa da ya yi karatun boko mai zurfi. Bayansa Ibrahim Dodo Musa ya riƙe daga 1979 zuwa 1993.

Rasuwarsa ta buɗe ƙofar wata taƙaddama mai zafi. An naɗa Muhammadu Awwal Ibrahim, tsohon gwamnan jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, a shekarar 1993, amma naɗin ya haifar da tarzoma a gari. A 1994 aka sauke shi aka naɗa Bashir Sulaimanu Barau, sannan a watan Janairu na 2000 aka mayar da Awwal Ibrahim kan gado. Ga mu ɗaliban harshe akwai abin sha'awa a tarihinsa, domin kafin ya shiga siyasa malamin harsuna ne a jami'a a Kano. Wannan rikici ya nuna cewa ko da ƙasa ta ƙanƙance, gadon sarautarta bai rage nauyi a zukatan masu shi ba.

Dangantakar Gidan Abuja da Sauran Gidaje

Yanzu mu koma ga dalilan nan biyu da na roƙi mai karatu ya riƙe. Gidan Coburg ya bazu ne ta hanyar aure da gayyata. A ƙasar Hausa kuwa wannan hanya a toshe take, domin ta wajen uba ake gadon sarauta, ɗan mace ba ya hawa gadon kakansa na wajen uwa, kuma masu zaɓen sarki ba sa zuwa wata ƙasa neman yarima. Ba wai sarakunanmu ba sa haɗa aure ba ne. Alal misali, Hajiya Maryam, matar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, 'yar gidan sarautar Ilori ce, kuma 'ya'yanta biyu, Aminu da Nasiru, an naɗa su sarautar Kano da ta Bichi a shekarar 2020. Sai dai ta wajen mahaifinsu suka cancanta, jinin Ilori zumunci ya ƙara musu. A wurinmu aure kan ƙulla amana tsakanin fada da fada, amma ba ya ɗauke karaga daga wannan gida zuwa wancan.

Saboda haka dangantakar gidan Abuja ta asali ce, kuma ta kasu kashi uku. Kashi na farko shi ne na tushe. Bisa tarihin baka na Bayajida, sarakunan Zazzau na dauri zuriyar Gunguma ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan Bawo. Wannan ya sa gidan Abuja yake ɗaukar kansa ɗan'uwan gidan Daura da na Katsina da Gobir da Kano da Rano na kafin jihadi. Shi ne kuma gidan da ake danganta Bakwa Turunku da Sarauniya Amina da shi.

Kashi na biyu shi ne na waɗanda ƙaddara ɗaya ta haɗa su. Ba Zazzau kaɗai ba ce sarakunanta suka fita da sarautarsu. Na Katsina sun yi arewa suka kafa Maraɗi, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar, shi ya sa ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Kabawa sun koma Argungu, inda ake cewa Sarkin Kabin Argungu. Na Daura sun zauna a Zango da Ɓaure. A cikinsu duka, gidan Daura ne ya yi sa'ar komawa birninsa, domin a 1906 Turawa sun ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Gidan Zazzau kuwa bai koma Zariya ba. A can gidaje huɗu ne suka kafu bayan jihadi, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Wani bambanci kuma shi ne, sauran duk arewa ko yamma suka nufa, cikin 'yan'uwansu masu jin Hausa. Gidan Zazzau kaɗai ne ya yi kudu, ya zauna a tsakiyar al'ummomi masu wasu harsuna.

Kashi na uku shi ne na Barno. Kafin jihadi Zazzau tana kai gaisuwa Barno, kuma alamar wannan ta tsira a cikin sarautun Abuja. Akwai sarautar Baƙon Barno, wato manzon da ke zirga-zirga tsakanin fadojin biyu. Akwai kuma Magajin Malam, wanda ake ɗauka a matsayin wakilin Barno, shi ke naɗa sabon sarki. Dubi nisan da ke tsakanin tafkin Cadi da dutsen Zuma, amma ga zaren dangantaka bai tsinke ba.

Ma'ajiyar Tsohon Tsari

A nan ne, a ganina, darajar wannan ƙaramar masarauta ta fi fitowa, musamman ga mai nazarin Hausa. Da sabbin masu mulki suka zauna a Zariya, sun riƙe sunayen sarautu da yawa amma suka sauya masu riƙe su da ayyukansu. A Abuja kuwa an ci gaba da tsohon tsari kusan yadda aka fito da shi. Madawaki shi ne shugaban mayaƙa. Galadima da Wambai da Dallatu a da babanni ne ke riƙe su, hikimar kuwa ita ce wanda ba ya haihuwa ba zai yi kwaɗayin kafa gidan sarauta ba, don haka sarki kan yi amfani da su wajen rage ƙarfin Madawaki. Mata ma suna da nasu kaso, domin akwai sarautar Sarauniya da ta Iya. Mai karatu ya lura cewa a Zariya ta bayan jihadi, Iyan Zazzau namiji ne, kuma ɗan sarki.

Mutanen garin da kansu ne suka rubuta wannan tarihi, kuma da Hausa suka rubuta shi. Malam Hassan Sarkin Ruwan Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi su ne suka tattara labarin Makau da al'adun fadar, wani Bature mai suna Frank Heath ya fassara aikin zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Daga baya masanin nan M. G. Smith, a littafinsa Government in Zazzau na 1960, da ya so ya gano yadda ake mulkin Zazzau kafin jihadi, sai da ya dogara da bayanan Abuja. Wato ke nan wanda ke neman tsohuwar Zariya, a Suleja zai fi samun kamanninta.

Ko ta fuskar sana'a fadar ta bar abin tunawa. Sarki Sulaimanu Barau mai son tukwane ne, ya tara na wata gwana 'yar ƙabilarmu daga Kwali. A fadarsa ne Baturen nan Michael Cardew, wanda ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ya ga aikinta. Ta shiga makarantar a 1954, ta yi suna har ƙasashen Turai da Amurka. Ita ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin.

Inda Labaran Biyu Suka Gamu

Na ce misalin Jamus yana da alaƙa da labarinmu. Ga yadda abin yake. Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901, ɗanta Edward na Bakwai ya gaje ta, kuma da yake sunan gidan uba ake ɗauka, shi ne sarkin Ingila na farko daga gidan Saxe-Coburg da Gotha. Ke nan sojojin da suka shiga Abuja a 1902 da sunan jikan Ernst na Ɗaya suka shiga. Ƙaramar masarautar da Zariya ta kasa ci, ta faɗa hannun zuriyar wata masarautar da ba ta kai ta faɗi ba.

Daɗin daɗawa, gidajen biyu duk sun rabu da suna. A shekarar 1917, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, jiragen yaƙi masu suna Gotha suna ruwan bama-bamai a kan Landan, sai Sarki George na Biyar ya ga sunan gidansa ya zama abin kunya, ya sauya shi zuwa Windsor. A shekarar da ta biyo baya Carl Eduard ya rasa mulkinsa, masarautar ta rushe, a 1920 Coburg ta shiga Bavaria, Gotha kuma ta shiga Thuringia. Jinin dai bai ƙare ba: Sarki Philippe da ya hau gadon Beljiyam a 2013 daga zuriyar Leopold yake, Carl Gustaf da ya hau na Suwidin a 1973 kuwa jikan Carl Eduard ne ta wajen uwa.

Abuja ita ma ta rabu da sunanta, sai dai ta wata fuska dabam. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin duba batun sauya babban birni daga Legas. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka kafa yankin birnin tarayya da doka, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kaso mafi girma kuwa daga masarautar Abuja ya fito. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu da kuma kalmar nan "ja" ta Abu Ja. An bar shi a jihar Neja, a wajen iyakar yankin da ya ba wa ƙasa da suna. Ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, gwamnati ta tare a sabon birni. Wancan gida na Turai an ajiye sunansa ne don ya zama nauyi, wannan kuwa an karɓi nasa ne don ya dace da ƙasa baki ɗaya. Coburg ta rasa karaga a gida ta tsira a waje, Suleja ta rasa yawancin ƙasarta amma karagarta tana nan.

Ɗaya Gefen Labarin

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a nan, domin ni ba daga fada na ji wannan tarihi da farko ba, daga ƙauye na ji shi. Laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai shi ne Dodon Gwari, kuma Gwari shi ne sunan da Hausawa ke kiranmu da shi. A fada wannan kirari ne na jaruntaka. A gidajenmu kuwa yana tuna wa tsofaffi zamanin hare-hare da kamun bayi da biyan gandu, lokacin da kakanninmu suke gina gidaje a kan duwatsu don tsira, ba daga Abuja kaɗai ba, har da mahara daga Zariya da Keffi da Kwantagora. Gaskiya ne kuma cewa wasu garuruwan Koro da Gbagyi sun yi amana da Abuja, sun taya ta yaƙi, kuma da hatsinsu da kibansu ne garin ya tsaya. Masarauta ba ta tsayuwa a kan asali kaɗai, sai da manoma.

Da birnin tarayya ya zo, mu ma mun biya namu farashin. An tashi mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa. Ƙauyen Garki ya tsaya a inda yake, manyan gine-gine suka kewaye shi, gonaki suka zama tituna da ofisoshi. Muna da namu sarki, wato Sa'peyi na Garki, kamar yadda Zuba take da Agora, Abaji kuma take da Ona. Sunayen Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, waɗanda baƙi ke zaton sunayen unguwannin masu kuɗi ne kawai, sunayen wurare ne da suka girmi birnin. Don haka idan ana maganar wanda ya sadaukar domin Abuja, fada ta ba da suna da iko, talakawan ƙauye kuma sun ba da gona da kushewar kakanni. Duka biyun ya kamata a riƙa faɗa tare.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa ba a auna nauyin gidan sarauta da faɗin ƙasarsa. Gidan Coburg ya miƙa rassa zuwa manyan karagu ta hanyar aure, gidan Abuja kuma ya riƙe saiwar da ta haɗa shi da Zazzau da Daura da Maraɗi da Barno, ya kuma adana mana tsarin mulkin Hausa na dauri wanda ya sauya a wasu wurare. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, mu tuna da wannan yanki. Akwai sunayen sarautu da kirari da kiɗan fada, akwai Hausar Suleja da irin cuɗanyar da ta yi da Gbagyi da Koro, akwai kuma tsofaffin da ke riƙe da labarai a Zuba da Garki da Kwali, waɗanda kullum raguwa suke yi. Kuɗin mota daga Eriya Wan zuwa Suleja bai fi ƙarfin ɗalibi ba, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi kuma abokina mai cewa Abuja ba ta da tarihi, na yi masa alkawarin idan aka yi hutu zan kai shi ya ga fadar Sarkin Zazzau ta Suleja, sannan mu biyo ta gidanmu ya ji ɗaya gefen daga bakin tsofaffi. Allah Ya sa mu dace, amin.